Lissafin Gosulo: Yadda Kwamfuta ke Auna Jinkiri a Wurin Aikin Hanya

Duk wanda ya bi titin Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya tun da aka fara sake gina shi a 2018 ya san ma'anar "an karkatar da hanya". Ana cikin tafiya sumul sai a hango durom-durom da alamu, an rufe hannu ɗaya, an tattara masu zuwa da masu komawa a hannu guda. Daga nan sai taka birki. Yawancinmu mun ɗauki irin wannan gosulon kamar ruwan sama, in ya zo ya zo. To amma a fannin injiniyan sufuri ana lissafa shi tun kafin a ajiye durom na farko: ƙarfe nawa zai fara, kilomita nawa zai kai, ƙarfe nawa zai watse, awa nawa zai cinye wa jama'a. Kuma tushen lissafin bai fi ƙarfin ɗan ND 1 ba. Tarawa ne da ɗebewa. Wahalar tana wajen samo lambar gaskiya da za ka bai wa kwamfutar, kuma a nan nake ganin mu ɗaliban sibil da na kwamfuta muna da aikin yi.

Mazurari da kwalba

Ka tuna mai sayar da man gyaɗa yana ɗura kwalba da mazurari. In ya zuba a hankali, man yana wucewa. In ya zuba fiye da abin da wuyan mazurarin ke iya ɗauka, sai man ya fara taruwa a sama. Wurin aikin hanya wuyan mazurari ne. Lamba biyu ce kawai ke faɗa da juna: yawan motocin da ke isowa a awa ɗaya, da yawan waɗanda wurin ke iya fitarwa a awa ɗaya. Ta biyun ita zan riƙa kira ƙarfin hanya.

Bari mu ƙirƙiri misali, lambobin nawa ne don darasi kawai. Titi mai layi biyu zuwa gari, an rufe layi ɗaya, wanda ya rage yana iya fitar da mota 1,200 a awa. Daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe mota 1,000 ke isowa, babu matsala, kowa ya wuce. Daga 8 zuwa 9 sai suka zama 1,500. An samu rarar 300 da ba su samu wucewa ba. Daga 9 zuwa 10 wasu 1,500 suka sake zuwa, jerin ya kai 600. Daga 10 zuwa 11 masu zuwa suka sauka zuwa 1,200.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ai masu zuwa sun daidaita da ƙarfin hanya, me ya sa gosulo bai watse ba? Saboda waɗancan 600 ɗin suna nan. Abin da ya shigo shi ne ya fita, bashin bai ragu ba. Sai daga 11 zuwa 12, da masu zuwa suka koma 900, aka samu sararin rage 300. Daga 12 zuwa 1 aka rage sauran 300 ɗin. Cunkoson awa biyu ya haifar da gosulon awa biyar. Shi ya sa direban da ya iso ƙarfe 12 na rana yake mamaki, ga hanya babu motoci sosai amma ga layi. Bashin ƙarfe 8 yake biya.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne wanda ya tarar da mota 600 a gabansa. Raba 600 da 1,200, rabin awa ke nan, minti 30 yana jan ƙafa. In kuma kana son jimillar asarar, a kowace awa ka ɗauki matsakaicin jerin, wato ka haɗa na farkon awar da na ƙarshenta ka raba biyu: 150, 450, 600, 450, 150. Jimilla 1,800. Ma'ana in ka tara jiran kowace mota a wannan safiyar, awa 1,800 ne. In a ce kowace mota tana ɗauke da mutum biyar, awa 9,000 na rayuwar mutane ke nan suka tafi a rana ɗaya, a hannu ɗaya na titi. A cikinsu akwai mai naƙuda, akwai ɗalibin da ke da jarrabawa ƙarfe 10, akwai kwandunan tumatir da rana ke dafawa a bayan mota.

A Excel wannan duka layi ɗaya ne: jerin yanzu daidai yake da jerin baya, a tara masu zuwa, a ɗebe ƙarfin hanya, in amsar ta faɗi ƙasa da sifili a maida ta sifili (aikin MAX ke nan). Ka ja shi ƙasa, ka gama gina samfurinka na farko. In ka yanka lokacin minti 15-15 a maimakon awa-awa, amsar za ta fi kusa da gaskiya. Kada ka raina shi. Manhajar QUEWZ da aka yi a cibiyar binciken sufuri ta Texas a farkon shekarun 1980, da QuickZone da hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta fitar a farkon shekarun 2000, a kan wannan tunanin na shiga da fita aka gina su. QuickZone ɗin ma a cikin Excel take aiki.

Yanzu mu taɓa lamba ɗaya

Amfanin samfuri shi ne ka yi ta tambayarsa "in da fa?" ba tare da ka tare hanyar kowa ba. Mu bar masu zuwa yadda suke, mu ƙara ƙarfin hanya daga 1,200 zuwa 1,350. Ƙarin 150 ne kacal, irin wanda za a iya samu in an cike ramukan da ke bakin karkatarwar ko an faɗaɗa layin kaɗan. Jerin ba zai wuce 300 ba, zai watse ƙarfe 11 da minti 20, jimillar jira ta sauko daga awa 1,800 zuwa 550.

Sai mu juya. Ƙarfin ya ragu da 150, ya koma 1,050. Jerin zai kai mota 1,050, mutum ya yi awa ɗaya cur a tsaye, kuma in masu zuwa suka ci gaba a 900 duk yamma, ba zai watse ba sai ƙarfe 6. Jimillar jira awa 5,550. Ka sake duba lambobin nan uku: 550, 1,800, 5,550. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ninki goma ne, alhali bambancin ƙarfin hanyar mota 300 ne kawai a awa. Wanda ya yi kuskuren kashi goma cikin ɗari wajen ƙiyasta ƙarfin hanya, amsarsa gaba ɗaya ta tashi aiki, ko da manhajar da ya yi amfani da ita ta miliyoyin naira ce.

To daga ina ake samo wannan lambar? Littafin da injiniyoyi suka fi dogara da shi shi ne Highway Capacity Manual na Amurka, wanda aka fara bugawa a 1950. Bugun 2000 ya ba da ƙananan motoci 1,600 a awa a layi ɗaya a matsayin mafari ga aikin ɗan gajeren lokaci a kan babban titi, sannan a gyara lambar gwargwadon yanayin wurin. Kalmar "ƙananan motoci" ita ce abin lura. Tirela ba ƙaramar mota ba ce: ta fi tsawo, tana da nauyin tashi, kuma na bayanta yana ba ta tazara. Don haka ake maida ta zuwa adadin ƙananan motoci. A wancan bugun babbar mota ɗaya tana daidai da ƙanana 1.5 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 2.5 a inda ake hawa da gangara, 4.5 a cikin duwatsu.

Gwada ka gani. A ce cikin kowace mota 100 akwai manya 30, kuma mun ɗauki 2.5. Manyan sun zama 75, a haɗa da ƙanana 70, an samu 145. Raba 1,600 da 1.45, ƙarfin ya faɗo kusan 1,100. Wannan ma da tirelar da littafin ya sani ne. Ita kuwa tamu, wadda aka lafta wa siminti ko buhunan masara har ta karkace, ga hayaƙi, ga tashi da ƙyar in ta tsaya a kan ɓaraguzan karkatarwa, ni dai ban yarda 2.5 ya ishe ta ba. Littafin bai san Adaidaita Sahu ba, bai san ɗan acaɓa da ke kurɗawa ta tsakanin motoci ba, bai san masu tallar ruwa da gurasa da ke cika bakin wurin da zarar layi ya kafu ba. Wanda ya kwafo 1,600 ya zuba a firojet ɗinsa, ya lissafa gosulon Texas ne ya sa masa sunan Kwanar Dangora.

Mai tuta

A ƙananan hanyoyi marasa tagwaye abin ya sha bamban. Layi ɗaya ne ya rage wa ɓangarori biyu, sai a sa masu tuta a kowane baki, waɗannan su wuce, waɗancan su jira. Abin da ke cin lokaci a nan shi ne sharar hanya: bayan an tsayar da wannan ɓangaren, dole a jira motarsa ta ƙarshe ta fita kafin a saki ɗaya ɓangaren. In tsawon wurin mita 500 ne ana tafiya kilomita 20 a awa, sharar tana cin daƙiƙa 90. Sau biyu a kowane zagaye, minti 3 ke nan. A zagayen minti 10, an yi asarar kashi 30 cikin ɗari babu wanda aka saki. In ɗan kwangila ya ga ya fi masa sauƙi ya rufe kilomita guda a lokaci ɗaya, asarar ta zama minti 6 cikin 10. Tsawon wurin da aka rufe shawara ce da wani ke yankewa a ofis, kuma ga yadda take sauka a kan mutane.

Wutsiyar jeri tana tafiya da baya

Samfurin Excel ɗin nan yana da nakasu ɗaya babba. Yana ɗauka kamar motocin da ke jira an jibge su ne a wuri ɗaya, wata kan wata, a bakin aikin. Yana faɗa maka mota nawa, amma bai iya faɗar inda wutsiyar take ba. In ka ce kowace mota tana cin mita 7.5, mota 600 a layi biyu za su ba ka kilomita 2.25. A zahiri jerin ya fi haka tsawo, saboda motocin suna ɗan motsawa, suna barin tazara.

Tun 1935 wani injiniya Ba'amurke, Greenshields, ya nuna alaƙar gudu da yawan motoci a kilomita: suna ƙaruwa, gudu yana raguwa. A 1955 Lighthill da Whitham a Ingila, sannan Richards a 1956, suka nuna cewa ana iya kallon motoci kamar ruwa mai gudana, kuma iyakar da ke tsakanin masu gudu da masu jan ƙafa tana tafiya kamar igiyar ruwa. Saurinta shi ne bambancin yawan masu wucewa a awa, a raba da bambancin yawan motoci a kilomita. A misalinmu, a ce kafin jeri akwai mota 20 a kilomita, 1,500 na wucewa a awa. A cikin jeri akwai 170 a kilomita, 1,200 na wucewa. Bambancin sama 300, na ƙasa 150. Wutsiyar tana ja da baya kilomita 2 a kowace awa. Bayan awa biyu tana kilomita 4 daga bakin aikin.

Wannan ba lissafin cin maki ba ne kawai. In an kafa allon gargaɗi a kilomita ɗaya kafin wurin aiki, zuwa ƙarfe 8 da rabi wutsiyar ta riga ta iso allon, daga nan ta wuce shi. Direban tanka da ya taho a guje zai tarar da motoci a tsaye kafin ya ga wata alama, wataƙila a bayan kwana ko gangara. Karo ta baya a wutsiyar jeri yana cikin haɗurran da aka fi sani a wuraren aikin hanya. Samfurin da ya faɗa maka inda wutsiya za ta kai shi ne ke faɗa maka inda za ka kafa allo.

Kwaikwayon kowane direba

Mataki na gaba shi ne a daina kallon motoci a dunƙule, a sa kwamfuta ta kwaikwayi kowace mota ita kaɗai. Kowace tana da dokokinta: tazarar da za ta bari, yadda take ƙara wuta, yadda take taka birki, lokacin da za ta canja layi. Kwamfutar tana matsar da su duka daƙiƙa bayan daƙiƙa, kai kuma kana kallonsu a allo kamar wasan gem. Mafi sauƙin irin wannan shi ne na Nagel da Schreckenberg na 1992, inda aka yanka titi gida-gida, kowane gida mita 7.5, da dokoki huɗu kacal, ɗaya daga ciki ita ce wani lokaci direba yana rage gudu haka kawai babu dalili. Wannan 'yar dokar ita ke haifar da gosulo a cikin samfurin ko babu abin da ya tare hanya. Ɗan kwamfuta da ya iya Python zai iya rubuta shi a zama ɗaya.

An ma gwada abin da motocin gaske a Japan, aka wallafa a 2008. Mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kusan kilomita 30 a awa. Babu rami, babu shinge. Ba a jima ba gosulo ya kafu da kansa, yana ja da baya da saurin kusan kilomita 20 a awa. Bidiyon yana YouTube, ya cancanci datarka.

Manyan manhajojin wannan aikin akwai VISSIM ta kamfanin PTV da ke Jamus, wadda ta kuɗi ce, da SUMO, wadda cibiyar bincike ta DLR a Jamus ta fara a 2001, kyauta ce kuma kowa na iya sauke ta. SUMO tana iya ɗauko taswirar titi kai tsaye daga OpenStreetMap, kuma tana da tsarin da ke barin babur ya raba layi da mota, abin da mu muke buƙata ƙwarai. Abu ɗaya da za ka kiyaye: tunda akwai caca a cikin halayen direbobin, kowane gudu yana ba da amsa daban. Kada ka gudanar sau ɗaya ka kwafe. Maimaita sau goma ko fiye, kana canja lambar cacar, ka ɗauki matsakaici.

Irin wannan kwaikwayon ne ke iya amsa tambayar haɗewa. In layi biyu za su koma ɗaya, a haɗe tun daga nesa ko a bari sai an zo bakin? A Jamus doka ce a cika layukan biyu har bakin wurin, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zif. Jihar Minnesota a Amurka ta daɗe tana wayar da kan direbobi a kan haka. Babban amfaninsa shi ne jerin yana gajarta tunda an yi amfani da layukan biyu, kuma babu wanda ke jin an yi masa wayo. Amma sharaɗinsa kowa ya bai wa mota ɗaya hanya.

Mu kuwa mun san abin da ke faruwa. Layi biyu ya zama huɗu, wasu sun sauka gefen titi, wani mai gaggawa ya yi wan-we ya je ya yi gaba da gaba da tirela, an kulle. Mu sa wannan a samfurinmu na farko. Minti 10 babu mai motsi, an yi asarar wucewar mota 200. Tunda sararin rage bashin 300 ne a awa, wannan mutum ɗaya ya ƙara wa gosulon minti 40. Minti biyar yake son ya tsira da su.

Daga awa zuwa naira

Injiniya ba ya tsayawa a awa 1,800. Yana ninka ta da darajar awa ɗaya ta matafiyi, ya ƙara man da aka ƙone a tsaye, ya samu kuɗin da jinkirin ya ci wa masu amfani da hanya. Da wannan lambar ake auna zaɓi: a rufe da rana ko da dare, a rufe gajere sau da yawa ko dogo sau ɗaya, a kashe kuɗi a shimfiɗa wa karkatarwar kwalta ko a bar ta da jar ƙasa. A Birtaniya tun shekarun 1980 aka fito da tsarin hayar layi, inda ɗan kwangila ke biyan kuɗi gwargwadon lokacin da ya riƙe layi a rufe, don ya ji a aljihunsa abin da matafiya ke ji a jikinsu.

Kusan duk samfurin da ka gina zai ce maka a yi aikin da dare, saboda masu zuwa sun yi ƙasa da ƙarfin hanya, jeri sifili. A takarda babu gardama. Amma kwamfuta ba ta san kuɗin dizal na janareton fitilu ba, ba ta san matsalar tsaro a wasu hanyoyinmu bayan magariba ba, kuma ba ta san cewa manyan motoci da yawa da dare suke tafiya ba sai in ka ƙirga ka faɗa mata. Ranar kasuwa, jajibirin salla da lokacin kakar amfanin gona duk suna canja yawan masu zuwa. Ƙirgar ranar Talata ba za ta faɗa maka abin da zai faru ranar Juma'a ba.

Ga masu neman taken firojet, wannan fili ne a buɗe, kuma kayan aikinsa waya ce da takarda. Ku nemi wurin da ake aikin hanya kusa da ku, ku karɓi wasiƙa daga sashe, ku nemi izinin masu aikin, ku sa rigar nan mai ƙyalli, ku tsaya nesa da kwalta. Mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo a daidai maƙurar wurin a lokacin da akwai jeri, domin sai akwai jeri ne abin da ke fita yake nuna ƙarfin hanya na gaskiya. Wani ya tsaya can baya inda wutsiya ba ta kaiwa ya ƙirga masu isowa. In ya ƙirga a cikin jerin, ƙarfin hanyar zai sake aunawa ba tare da ya sani ba. A raba ƙirgar minti 15-15, a ware ƙananan motoci, bas, tirela da tanka, Adaidaita da babura. Daga bidiyon za ku iya auna daƙiƙa nawa ke tsakanin mota da mota in tirela ce a gaba, ku kwatanta da in ƙaramar mota ce, ku fitar da taku lambar a maimakon 2.5 ɗin littafi. Na uku ya riƙa rubuta inda wutsiya take duk bayan minti 15, yana amfani da turakun lantarki ko taswirar waya.

Ku gina samfurin da ƙirgar kwana biyu, ku ɓoye ta kwana na uku. In kun gama, ku ba shi yawan masu zuwa na rana ta ukun kawai, ku ce ya faɗi tsawon jerin da lokacin watsewarsa, sannan ku buɗe takardar wanda ya bi wutsiya ku kwatanta. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita za ku rubuta a babi na huɗu, ko da ta yi yawa, kuma ita malaman za su fi tambayarku a kanta ranar difens.